Korau Magini da Soro Mai Kamu Ashirin da Huɗu

Ku gyara zama, zan ba ku labarin wani magini da ya tsufa yana neman abu guda.

A wani gari da ake kira Gangaren Tsamiya an yi wani mutum sunansa Korau. Gidansu gidan magina ne tun kaka da kakanni. Duk soron da ka gani a garin, in ba ubansa ne ya ɗora shi ba, to kakansa ne. Yana zaune da matarsa Hakama da ɗansu guda, Nomau, wanda bai daɗe da yin aure ba. Suna da gona, suna da awaki, rumbunsu bai taɓa zama wayam ba. Abu ɗaya gidan ya rasa, shi ne kwanciyar rai, domin mai gidan ya sa wa zuciyarsa abin da ya hana shi sakat.

Tun yana saurayi Korau ya ƙudura sai ya gina soro mai faɗin kamu ashirin da huɗu, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Baka kawai yake so, wato azarar giginya da ake ɗaurewa a lanƙwasa a lulluɓe da ƙasa, ta tashi daga wannan bango ta sadu da 'yar'uwarta a sama. A kakanninsa ba wanda ya wuce kamu goma sha huɗu. Ba kuma wanda ya sa shi. Shi dai ya ga soron a cikin kansa, ya kasa daina ganinsa.

To, a gidan nan akwai wata al'ada. Ɗan gado ba ya shiga ramin kwaɓi. Taka ƙasa aikin 'yan ƙodago ne. Ran da yaro ya cika shekara goma sai a ɗora shi bisa bango kusa da ubansa, a riƙa jefo masa curin ƙasa yana cafewa. Haka aka yi wa Korau, haka ya yi wa Nomau.

Ya gwada soron yana ɗan shekara talatin, ya rushe. Ya sake gwadawa yana da arba'in da biyar, bakar ta tsage kafin a gama rufi. Na ukun ya tsaya wata biyu cur, har mutane suka fara zuwa kallo. Ran da aka yi ruwan farko, da hantsi, sai aka ji rugugi. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Lokacin Korau yana da shekara sittin da ɗaya.

Ya dawo gida ya zauna bakin ƙofar ɗaki, bai ko cire hula ba. Hakama ta ajiye masa fura.

Ta ce, “Maigida, ka sha. Soron ya faɗi, kai ba ka faɗi ba tukuna.”

Ya ce, “Na gaji, Hakama.”

“To ka huta mana. Wa ya aike ka? Mu da ko ɗaki mai kamu shida ya ishe mu.”

Ya ce, “Gajiyar ba ta hutu ba ce. In na zauna ma tana nan.”

Kashegari da azahar ya gangara kududdufin da ake haƙo ƙasa, don kada ya haɗu da masu yi masa jaje. Yana tafe yana zungurar gefen ramin da sanda, sai wani tubali ya gangaro gabansa. Ya ɗauka. Bai fi tulun yara girma ba, amma santsinsa kamar na ƙwai, a jikinsa kuwa ga shaidar hannun wanda ya cura shi, yatsu shida. Ya buga shi da dutse, dutsen ya fashe, tubalin ko ƙwarzane bai yi ba.

Nan take gefen ramin ya naɗe kamar asabari. Wani gajeren halitta ya fito, tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba, gemunsa na jan ƙasa, ƙafafunsa caɓe-caɓe da laka har gwiwa.

Ya ce, “Aminci gare ka, ya kai ɗan Adam. Ka riƙe abin da ba naka ba.”

Korau ya durƙusa. Ya ce, “Aminci gare ka, ya kai bawan Allah da ba a gani. Ga kayanka. Amma ina roƙonka, ka gaya mini inda ake gini da irin wannan.”

Aljanin ya ce, “A birnin da rufinsa ɗaya ne. Mutanenmu dubu saba'in suna zaune ƙarƙashin baka guda, ba ginshiƙi.”

“Za a koya wa baƙo?”

“Ana koya wa wanda ya iso. Ba mu karɓar komai sai kwanaki.”

“Kwana nawa?”

“Gwargwadon abin da ba ka sani ba. Kuma ka ji sharaɗi: ba za ka dawo da komai a hannu ko a aljihu ba, sai abin da ya shiga jikinka.”

Korau ya nemi a ba shi dama ya yi sallama. Ya hau gida ya gaya wa Hakama. Ta dube shi ta daɗe, ta tashi ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da dakakken gero a tsumma.

Ta ce, “Da na san hanawa na aiki a kanka, da na hana tun ina da baƙin gashi. Allah ya kai, ya dawo da kai.”

Ya koma kududdufi, ya sunkuya ya shiga ƙofar, ta rufe a bayansa. Aljanin ya nuna masa gabas, ya ɓace.

Kwana tara yana tafiya cikin wani fili da ciyawarsa fara ce fat, har ya iso bakin wani kogi. Ba ruwa a cikinsa, yashi ne ke gudu, yana tumbatsa yana ƙugi. Ya jefa sandarsa, yashin ya haɗiye ta. A gaɓar akwai wata tsohuwar kunkuru, girmanta kamar rumbu.

Ta ce, “Ka makara, ɗan Adam. Kogin nan yini ɗaya yake hutawa a shekara, jiya ne kuwa ya huta.”

Korau ya ce, “Ya ke dattijuwa, ba wata mashiga?”

Ta ce, “Akwai. Ita ce ka koma gida.”

Ya zauna. Ya yi 'yar bukka da ciyawar nan, yana cin 'ya'yan wata itaciya mai ɗanɗanon gwaza. Da zaman ya yi masa yawa sai ya fara ɗibar yashin da kogin ke watsowa gaɓa yana murzawa a tafin hannu. Dattijuwar ta ga haka, ta riƙa gaya masa: wannan mai kaifi ne, yana kama ƙasa, wannan mai sulɓi ne, yana raba ta, wannan akwai gishiri a ciki, zai ci bango daga gindi. Shekara hamsin yana gini, bai taɓa sanin yashi ya kasu ba. Da shekara ta zagayo kogin ya tsaya cik. Ya haye da sassarfa, ƙafarsa ta ƙarshe na barin yashin ya ji ya soma motsi.

Daga nan ya faɗa wani kurmi na giginya zalla. Yana shiga ya ga itatuwan suna tafiya, suna jan saiwoyinsu, suka kewaye shi har ba inda zai sa ƙafa. 'Ya'yansu, kowanne kamar tulu, suka fara faɗowa dama da hagu. Wata doguwa, baƙa ƙirin don tsufa, ta sunkuyo da kanta.

Ta ce, “Mun san ka, Korau ɗan magina. Daga cikinmu an sare maka ɗari huɗu. Ba mu ƙi sara ba, don haka aka halicce mu. Amma rabinsu yara ne da ba su ƙosa ba, ka ɗora musu nauyin da ya karya su. Me za ka ce?”

Korau ya ce, “Ranki ya daɗe, ni ban taɓa zuwa daji ba. Kawo mini azara ake yi.”

Kurmin duka ya yi wata irin ƙara, ganye na gogar ganye. Ashe dariya suke.

Tsohuwar ta ce, “Ga hukuncinka. Za ka bi mu ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa, kana faɗin shekarun kowa da inda ya tsiro. Ran da ka faɗi ɗari a jere ba kuskure, ka wuce.”

Shekara biyu ya yi a kurmin nan. Gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura, suka fashe, suka yi kanta. Sau da yawa ya kai tamanin ko casa'in ya kuskure, a koma farko. A hankali kunnensa ya buɗe. Ya gane wadda ta tashi a fadama tana da taushin ciki, amsarta a dushe take. Wadda ta sha wuya a kan tudu kuwa amsarta kamar ƙarfe. Ran da ya cika ɗari, itatuwan suka dare masa hanya, ba wadda ta ce masa sannu.

Bayan kurmin akwai wani kwari mai zurfi, nan ne duk ginin da ya taɓa rushewa a duniya yake zuwa ya kwanta. Kangaye ne iyakar ganin ido. Gaban kowane kango ga mai shi zaune, ya yi tagumi, wasu sun daɗe har sun zama ƙasa daga ƙugu zuwa ƙafa. Korau na cikin ratsawa sai ya ji ana kiran sunansa. Ya waiwaya, ga sorayensa uku a jere.

Suka ce, “Zo ka zauna, mai gidanmu. Ka yi iyakar yinka. Ga inuwa.”

Gwiwoyinsa kuwa ciwo suke, bayansa kamar an daka. Bai taɓa jin abin da yake so kamar zaman nan ba. Har ya tanƙwasa ƙafa, sai idonsa ya faɗa kan inda bakar soro na uku ta karye. Ya matsa ya sa yatsa. A cikin ƙasar ga wasu dunƙule-dunƙule busassu, ruwa bai taɓa ratsa su ba, ya murza suka zama gari. Haushi ya kama shi.

Ya ce, “'Yan ƙodagon nan ne suka cuce ni!”

Haushin ne ya miƙar da shi tsaye. Ya wuce yana faɗa shi kaɗai, bai sake waiwaye ba.

Da ya hau tudun da ke bayan kwarin sai ga birnin. Korau ya tsaya, bakinsa a sake. Baka guda ta tashi daga gabas ta sauka yamma, gajimare na yawo a ƙarƙashinta, shirwa na shawagi ba ta kai rabin tsayinta ba. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro.

Aka kai shi gaban shugabar maginan birnin, wadda suke kira Uwar Gini. Doguwa ce, fatarta launin jar ƙasa, tana zaune bisa wani turmi da aka kife.

Ta ce, “Wa ya zo, kuma me yake nema?”

Ya ce, “Korau ne, ɗan magina, jikan magina. Na zo a hau da ni can ƙololuwa, a nuna mini yadda kuka haɗa bakin baka, a kuma sanar da ni asirin da kuka binne a wurin.”

Domin a garinsu haka aka ɗauka: duk ginin da ya gagara, to akwai laya a ƙololuwarsa.

Uwar Gini ta ce, “Miƙo ƙafarka.”

Ya yi mamaki, amma ya miƙa. Ta duba tafin, ta duba tsakanin yatsu.

Ta ce, “Wannan ƙafa ta san hanya, ta san tsani. Ba ta san ƙasa ba. A kawo kwaɓi.”

Aka jere tsibi uku na kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ta ce ya nuna wadda ta isa gini. Korau ya tsaya daga nesa kamar yadda ya saba, hannu a baya, ya duba launi, ya duba sheƙi, ya nuna ta tsakiya. Aka ɗebi ta tsakiya aka ɗora 'yar baka mai kamu biyu. Uwar Gini ta hura mata iska, ta zube.

Ta ce, “Duk ukun ba wadda ta isa. Ƙaraminmu da ya sa dunduniya zai sani. A kai shi rami.”

Korau ya ce, “Ranki ya daɗe, a gidanmu ɗan gado ba ya taka ƙasa. Ni shekarata sittin da huɗu.”

Ta ce, “Ƙofar da ka shigo ta nan ba a rufe ta ba. Amma ka sani, ba laya a ƙololuwa. Abin da ke riƙe da ita yana can inda ka ƙi zuwa.”

Ya tsaya har inuwa ta juya. Sa'an nan ya tuɓe rigarsa, ya naɗe wando, ya bi su.

A ramin ya tarar da aljanin nan mai yatsu shida, yana taka ƙasa yana 'yar waƙa. Ya ce sunansa Dunƙule.

Ya ce, “Ka iso, ɗan Adam? Shigo ta gefen nan, ka bi bayana. Dunduniya ke fara sauka, yatsu su biyo.”

Aikin ba wuya a faɗa. A jiƙa ƙasa, a zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa da aka sassara, a taka, a tara, a rufe, a bar ta ta ruɓa. Bayan kwanaki a buɗe a sake jiƙawa a sake takawa. A garinsu sau biyu ake yi, in mai gini na sauri ma sau ɗaya, shi kuwa Korau kullum cikin sauri yake. Sai a nan ya tuna yadda yakan tsaya bisa bango yana daka tsawa, “Ku jefo! Me kuke jira?” Su kuwa su jefo abin da ke akwai. Ya daina zagin 'yan ƙodago daga ranar.

Shekara ta farko ƙafarsa ba ta jin komai sai sanyi da ciwo. Ta yi faso, fason ya yi jini. A ta biyu ya fara jin tsakuwa da dunƙule. A ta uku ya ce ya iya, aka kai shi gaban tsibi uku, ya taka, ya zaɓa, aka hura, ta zube.

Ranar ya koma rami ya zauna a gefe, ya ce, “Dunƙule, zan tafi gida. Ƙarfina ya ƙare. Ko na koya, yaushe zan yi ginin?”

Dunƙule bai daina taku ba. Ya ce, “Gaskiyarka, kwanakinku kaɗan ne.”

“Kai shekara nawa ka yi a ramin nan?”

“Ɗari huɗu da 'yan kai.”

“Ba a taɓa ɗaga ka zuwa sama ba?”

“An ɗaga ni. Ni na haɗa bakin bakar da ka gani. Na gama na dawo, don akwai wata baƙar ƙasa ta arewacin birni da har yanzu ban gane halinta ba. Shekaranjiya ma ta ba ni kunya.” Ya matsa gefe. “In tafiya za ka yi, taka mini wannan kusurwar kafin ka tashi, ta yi mini nisa.”

Korau ya sauka ya taka kusurwar. Da ya gama ya ga ta kusa da ita ma tana so, ya taka. Bai tafi ba.

A shekara ta bakwai, wata safiya, yana cikin taku sai ya ji ƙasar ta riƙe masa dunduniya, ta sake shi a hankali, kamar hannun jariri. Ba ta tsotse ba, ba ta zame ba. Ya tsaya cik.

Dunƙule ya ce, “Ka ji ta?”

Ya ce, “Na ji.”

“To, ita ce.”

Aka sake jere masa tsibi uku. Ya taka su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Ta farko tana son kwana huɗu. Ta biyu ramno ya yi mata yawa. Ta uku ta isa.” Aka ɗora baka da ta uku. Uwar Gini ta hura, ta sake hurawa, ta hau kai ta tsaya. Bakar ba ta motsa ba.

Sa'an nan aka hau da shi sama. Abin da ya zo nema tun farko, wato haɗin bakin baka, wata biyar kacal ya ɗauke shi.

Ran sallama Uwar Gini ta ce, “Ka tafi da aminci, Korau. Ka iya ƙasarmu. Ta garinku kuwa sai ka je ka tambaye ta da kanka.”

Dunƙule ya kama hannunsa, suka yi taku uku, sai ga shi a kududdufin Gangaren Tsamiya, rana tsaka. Shekara goma ke nan da tafiyarsa.

Ya tarar da Hakama zaune a tsakar gida, idanunta sun yi fari, ba ta gani. Ta ji takunsa ta ɗaga kai.

Ta ce, “Wannan jan ƙafar na san shi, sai dai ya ƙara nauyi. Ka samo?”

Ya ce, “Na samo kaɗan.”

“Shekara goma, kaɗan? To Allah ya sa albarka. Zauna, akwai sauran ɗumame.”

Wata yarinya 'yar shekara tara ta leƙo daga bayan rumbu. Tabawa ce, 'yar Nomau, wadda aka haifa bayan tafiyarsa. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

Ta ce, “Kaka, wannan ne mijin namu da ake ta ba ni labari? Ni na fasa. Dubi ƙafarsa kamar bayan kada!”

Korau ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, “Amarya, ai ke ma ba ki kai yadda aka kwatanta mini ba. Kawo mini ruwa in ga ko kin iya aiki.”

Da aka gama girbi ya fara shiri. Ya tafi daji da kansa yana ƙwanƙwasa giginya, cikin sittin ya zaɓi goma sha tara. Amma da ya zo hawa tsani sai ƙafafunsa suka ƙi, kansa ya riƙa juyawa tun a mataki na huɗu. Ya sauko ya daɗe yana kallon tsanin. Sa'an nan ya kira Nomau.

Ya ce, “Kai za ka hau. Zan gaya maka yadda za ka ɗaure. Ni ina ƙasa.”

Ya naɗe wando ya shiga ramin kwaɓi tare da 'yan ƙodago. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce aljanu sun taɓa shi, wasu suka ce tsufa ne. Nomau ya zo ya durƙusa bakin ramin.

Ya ce, “Baba, don Allah ka fito. Ana yi da mu a kasuwa.”

Korau ya ce, “Bari su yi. Kai ma in an gama wannan za ka shigo.”

Tabawa ta fi kowa jin zafin abin, don 'yan'uwanta yara sun sa mata suna jikar mai taka laka. Wata rana ta zo da kuka.

Ta ce, “Kai ba ka jin kunya? Tsofai-tsofai da kai! An ce kai ne babban magini, ga ka cikin taɓo kamar agwagwa.”

Ya ce, “Ina ji, amarya. Da fari na ji ƙwarai. Yanzu gajiya ta fi kunyar yawa.”

Ƙasar garinsu kuwa ta ba shi wuya, don halinta dabam ne da ta birnin aljanu. Kwaɓin farko ya zubar, na biyu ma haka. Akwai wani tsohon ɗan ƙodago, Barmo, wanda ya shekara talatin yana taka musu ƙasa, Korau bai taɓa tambayarsa komai ba sai dai ya ce ya jefo. Ya je ya same shi, ya ce ya gaya masa abin da ya sani. Barmo ya yi ta sunkuyar da kai, da ƙyar ya ce ƙasar gefen yamma ta fi son ruwan rijiya a kan na tafki, kuma sai ta kwana goma sha biyu. Aka yi haka, ta kama dunduniya.

Rani biyu aka yi ana ginin. Ba a jefa curi ɗaya sama ba sai ƙafar Korau ta yarda da shi. Ya rame, bayansa ya ƙara doro, wasu ranaku sai an riƙe shi yake fitowa daga ramin. Aka haɗa bakin baka, aka rufe, aka shafe.

Damina ta sauka. Ruwan farko ya zo da iska, mutane suka tsaya nesa suna jira. Soron bai motsa ba. Aka yi ruwan kwana uku a tsakiyar damina, katangu suka zube a unguwa, soron na nan. Da aka girbe gero, Korau ya kama hannun Hakama ya kai ta har tsakiyarsa.

Ta ce, “To, ni me zan gani?”

Ya ce, “Yi magana da ƙarfi.”

Ta ɗaga murya ta ce, “Salamu alaikum!” Muryar ta hau, ta zagaya, ta dawo mata daga sama. Ta saki hannunsa, ta yi ta tafiya da hannu a miƙe tana laluben ginshiƙi, har ta taɓa bangon can gefe.

Ta ce, “Ashe da gaske kake, Maigida.” Ta share ido da bakin zane. “To, yanzu sai ka zauna.”

Ya ce, “In Allah ya so.”

Tabawa kuwa ta bi yaran unguwa gida-gida tana tambayarsu wa ke da kaka irin nata.

Bayan kwana uku aka aike ta ta kai masa kunu, ba ta same shi a gida ba. Ta nufi soron. Matan unguwa sun taru za su yi daɓe, aikin da maza ba su shiga. Ga kakanta durƙushe gaban Iya Ladingo, tsohuwar da ta fi kowa iya daɓe a garin, riƙe da madaɓi a hannunsa. Matan na ta ƙyaƙyata dariya.

Iya Ladingo na cewa, “Ba haka ba, Korau! Kai da ka ɗaga wannan uban soro, ɗan katakon nan ya gagare ka? Sassauta wuyan hannu. Sake.”

Ya sake bugawa, ya karkace.

“Sake.”

Tabawa ta ajiye kunun ta ce, “Kai kuma me ya kawo ka nan? Ba ka gama ba?”

Ya ɗago, gumi na bin gemunsa. Ya ce, “Soron na gama, amarya. Amma shekara sittin ina gina ɗakuna, ban san yadda ake yin inda mutane ke takawa ba. Na ga Iya tana nan da ranta, ni ma ina nan da nawa.”

Ya sunkuya ya ci gaba da bugu. Tabawa ta zauna a gefe tana kallonsa, wannan karon ba ta ji kunya ba. A ranar ta gane cewa kakanta bai je ƙasar aljanu ya gama koyo ba. Ya dai koyi yadda ake durƙusawa a tambaya, kuma ba zai daina ba muddin yana numfashi.